Jini Ɗaya, Tukunya Ɗaya: Abinci da Lafiyar Zuciya a Gidajen da Ciwo Ke Bin Zuri'a a Gaya

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin cimar da ta dace da gidajen da hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suke bin zuri'arsu, kuma ta ɗauki Gaya ta jihar Dosso a matsayin fagen nazari. Ta dogara da binciken da aka riga aka wallafa daga Zariya, Yamai, Sakkwato, Kano da wasu ƙasashe, ta auna shi da abin da mutanen bakin kogin Kwara suke ci. Matsayinta shi ne cewa tarihin dangi ya isa a gane gidan da ke cikin haɗari, cewa sodiyam da ke shiga abinci ta gishiri da dunƙule da kanwa shi ne abu na farko da ya kamata a rage, kuma cewa wanda za a kai wa shawarar shi ne gidan baki ɗaya, musamman mai girki da mai cefane.

Gabatarwa



Idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi a masallaci ko a bakin kasuwa, aka ɗauko shi hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun saki, baki ya karkace, maganar farko da ake ji a zaure ita ce: "Haka mahaifinsa ya yi." Wani ya ƙara da cewa ai ciwon gidansu ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masu wannan magana ba su karanta ilimin ƙwayoyin gado ba, amma abin da suka lura da shi gaskiya ne, kuma likitan zuciya ma da tambayar dangi yake farawa. Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo baya. Da an ce gado ne sai a rufe zancen, 'ya'yan marar lafiya su koma gida su ci gaba da cin miyar da mahaifinsu ya yi shekara hamsin yana ci.

Na zaɓi Gaya ne saboda wuri ne da cimar ƙasashe uku take haɗuwa a kwano ɗaya. Garin yana kan kogin Kwara, yana kallon Malanbil ta Benin a ƙetare, Kamba ta jihar Kabi kuma tana gabas ba nisa. Yankin ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, don haka akwai gero da dawa da shinkafa da rogo da rake da ganyaye da kifi, ga giginyar Dallol Mauri da murucinta. Daga kudu kuma manja da garin rogo da shinkafar waje suke hawowa ta tashar Kwatano, daga Najeriya taliyar leda da lemon kwalba da dunƙule. Sannan ƙasar tana da nata gishirin tun kaka da kakanni. Dendawa, Zabarmawa, Hausawa da Fulani duk a kasuwa ɗaya suke cefane. Duk abin da ke gyara zuciya da duk abin da ke ɓata ta, akwai shi a Gaya.

Abin da ake gada da abin da ba a gada

Gadon ciwon zuciya iri biyu ne. Akwai wanda ƙwayar gado guda ɗaya take haddasawa, akwai kuma wanda ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance suke taruwa su haifar, kowane da ɗan abin da yake ƙarawa.

Misalin na farko shi ne hauhawar kolestarol ta gado, wadda ake ƙiyasta tana samun mutum 1 cikin kimanin 250 a duniya. Michael Brown da Joseph Goldstein sun sami kyautar Nobel a 1985 saboda gano yadda abin yake: hanta tana da wasu ƙofofi da take janye kolestarol mai cutarwa daga jini, mai wannan gadon kuma rabin ƙofofinsa ba sa aiki. Kitsen yana taruwa a jijiyoyinsa tun yana yaro, ko siriri ne ko mai jiki, kuma kowane ɗa da ya haifa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Wani lokaci ana ganin alamar da ido: kumburi mai tauri a agarar ƙafa, ko farin zobe a kewayen baƙin ido tun kafin shekara 45. A nan abinci yana taimakawa, amma ba ya isa shi kaɗai. Dole a haɗa da maganin rage kolestarol. Zan so a riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa a gaba ba ya ɗauke wa kowa shan magani.

Iri na biyu shi ya fi yawa, kuma a kansa ne abinci ya fi tasiri. A 2016 Amit Khera da abokan aikinsa sun wallafa nazarin mutum fiye da 55,000. Waɗanda suka gaji haɗari mafi girma, amma suka kiyaye aƙalla uku daga cikin abubuwa huɗu, wato rashin shan taba, rashin ƙiba, motsa jiki da cin abinci mai kyau, sun sami raguwar ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 46 cikin 100 idan aka gwada su da masu gado irin nasu da ba su kiyaye ba. Yawancin mutanen wannan nazari 'yan asalin Turai ne. Amma akwai shaidar da ta fi kusa da mu. Richard Cooper da Charles Rotimi da abokan aikinsu sun auna jinin mutanen da tushensu Afirka ta Yamma ne a wurare daban-daban, suka wallafa a 1997: hawan jini kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Tsatso kusan ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne nauyin jiki, yawan gishiri da yanayin rayuwa. Tafiyar da ta kai jikokin bayi daga 16 zuwa 33 ita ce garuruwanmu suke yi yau ba tare da sun ƙetare teku ba.

Gadon namu yana da nasa siffofi. Baƙar fata sun fi yawan masu jinin da ke hawa da zarar gishiri ya ƙaru, domin ƙodarsu ta fi riƙe sodiyam. Akwai wasu nau'o'i biyu na ƙwayar gado mai suna APOL1 da suka yaɗu a Afirka ta Yamma saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon sammore, amma wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ƙodarsa ta fi saurin lalacewa, ƙoda kuma idan ta taɓu jini sai ya hau. Akwai wani maiƙon jini da ake kira Lp(a) wanda ya fi yawa a jinin 'yan Afirka, shi kuwa abinci ba ya rage shi wani abin kirki. Ba duka gadon ne sharri ba. A 2006 Jonathan Cohen da Helen Hobbs sun nuna cewa kimanin kashi 2.6 cikin 100 na baƙaƙen Amurka da aka bincika suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar PCSK9 da ke rage musu kolestarol mai cutarwa da kashi 28 cikin 100, ciwon jijiyoyin zuciya kuma ya ragu musu da kashi 88 cikin 100. Darasin da ke ciki babba ne: ragi kaɗan, idan ya ɗore tun daga ƙuruciya, ya fi ragi mai yawa da aka fara bayan furfura. Shi ya sa yaran gidan da ke da gadon ciwo suke cikin lissafi.

Gwajin ƙwayoyin gado ba abu ne da magidanci a Tanda ko Bengu zai samu a asibitin gunduma ba, kuma ko ya samu, ma'aunan da ake haɗa haɗarin da su an gina su ne galibi kan jinin Turawa, suna kuma yin rauni idan aka ɗora su kan 'yan Afirka. Shirin H3Africa, wanda aka ƙaddamar a 2010, ya fara aikin cike wannan giɓi. Kafin ya cika, muna da tambayoyin da ba sa cin ko dala. Uba ko ɗan'uwa ya yi ciwon zuciya kafin shekara 55? Uwa ko 'yar'uwa kafin 65? Mutum nawa ne a gidan suke da hawan jini, nawa ɓarin jikinsu ya shanye, nawa suka yi mutuwar fuju'a, wace ce ta kumbura bayan haihuwa? Iyaye auren zumunci suka yi? Al'ummarmu ta san asalinta har kaka na uku da na huɗu, kuma dattijuwa ɗaya a gida takan iya zayyana wanda ya rasu da abin da ya yi ajalinsa.

Ƙofofi uku na sodiyam

Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya gwada masu shanyewar ɓarin jiki 2,118 da takwarorinsu masu lafiya. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya ɗora kimanin kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo a kan hawan jini. Ya kuma nuna cewa ƙarancin cin ganye yana ninka haɗarin fiye da sau biyu, kuma barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa yana ƙara shi. A yankinmu, ke nan, maganar zuciya maganar hawan jini ce kafin komai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya a shafe, daidai da giram 2 na sodiyam. Matsakaicin abin da ake ci a duniya ya ninka haka. A Turai yawancin gishirin yana ɓoye ne a cikin abincin kamfani, mai ci ba shi da iko a kansa. A Gaya hannun mai girki ne yake zuba mafi yawansa, kuma wannan sa'a ce, domin abin da hannu ya zuba hannu zai iya ragewa.

Ƙofa ta farko gishirin kansa ne. Heinrich Barth ya ratsa Dallol Foga a watan Yuni na 1853 a hanyarsa ta zuwa Sayi, ya kuma bayyana yadda ake tara ƙasa mai gishiri, a zuba mata ruwa a tace, a dafa ruwan har ya daskare. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan cinikin gishiri a tsakiyar Sudan, ya nuna irin nisan da fatake suke kai gishirin Foga da kanwar Dallol Boso. Har yau matan ƙauyukan Foga suna wannan sana'a. Don haka duk wanda zai tsaya a Gaya ya yi wa'azin rage gishiri ya san yana taɓa abincin wasu, ya yi magana da ladabi. Ya kuma san cewa gishirin gida ba a sa masa aidin ba, saboda haka kaɗan ɗin da za a ci gara ya zama mai aidin, musamman ga mai ciki da yara.

Ƙofa ta biyu dunƙule ne, kuma ita ce ta fi buɗewa a zamaninmu. Kimanin rabin nauyin dunƙule gishiri ne, ban da sodiyam ɗin da ke cikin sinadarin ɗanɗanonsa. A tsaya a bakin murhu da la'asar a ga yadda abin yake. An soya albasa da tumatirin gwangwani, an zuba ruwa. Mai girki ta ɗebi gishiri da 'yan yatsu uku ta watsa, ta ɓare dunƙule ta murmushe shi tsakanin tafin hannu, ɗaya, biyu, har sai ledar ta yi nisa. Ta ƙara farin magi kaɗan. Idan kuɓewa ce ko lalo ta jefa 'yar kanwa don yauƙi. Ta ɗanɗana a bayan hannu, ta ƙara gishiri. A gefe kuma ga yajin da aka daka da gishiri da dunƙule, wanda kowa zai barbaɗa a kwanonsa. Babu wanda ya auna komai, kuma babu wanda ya yi laifi: haka aka koya mata, kuma idan miya ta yi lami ita za a yi wa magana. Mu yi lissafi a matsayin misali. Ƙaramin dunƙule giram 4 ne, wato kusan giram 2 na gishiri. Guda goma a tukunyar gidan mutum goma sun ba kowa giram 2 a ci ɗaya. A yi haka rana da dare, an kusa cinye rabon yini tun ba a lissafa gishirin da aka watsa ba, balle burodin safe da taliyar leda da yajin tsire.

Ƙofa ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita. Ma'aikacin lafiya yakan ce wa marar lafiya ya bar gishiri da magi, ya manta da kanwa, wasu masu ilimin boko ma suna zaton fotasiyam ce. Kanwa gishirin sodiyam ce. A gishirin miya, sodiyam kashi 39 ne cikin 100 na nauyinsa. A sinadaran da suka haɗu suka yi kanwa yana kamawa daga 27 zuwa 43. Ga shi kuma ba ta da zartsi irin na gishiri da zai gargaɗi harshe. Tana cikin ɗanwake, tana cikin dafuwar wake, tana cikin tuwon dawa a gidaje da yawa, tana cikin kunu, har jiƙa ta ake yi a sha don ciwon ciki. Mai hawan jinin da ya daina gishiri ya ci gaba da kunun kanwa kullum safe bai rufe ƙofar ba.

Abin da zai maye gurbi yana nan a kasuwar Gaya. Daddawar kalwa da daddawar batso, garin busasshen kifi, albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, tsamiya, yakuwa da lemon tsami duk suna ba miya ɗanɗano. Wake idan aka jiƙa shi ya kwana yakan nuna da wuri ba sai da kanwa mai yawa ba. Harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni idan a hankali aka rage, dunƙule ɗaya yau, wani bayan mako. Ragin da aka yi dare ɗaya shi ne yake jawo rigima a gida, a koma gidan jiya.

Rage sodiyam rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne ƙara fotasiyam, wanda ke taimaka wa ƙoda ta fitar da sodiyam, ya kuma sassauta jijiyoyi. Gwajin DASH na 1997 a Amurka, wanda yawancin mutanensa baƙar fata ne, ya ba mutane cima mai yawan ganye da 'ya'yan itace da nono marar maiƙo. Jinin masu hawan jini ya sauka da maki 11.4 a lambar sama, abin da ya yi daidai da aikin ƙwayar magani ɗaya. A 2021 kuma aka wallafa gwajin ƙauyuka 600 a ƙasar Sin, mutum kusan 21,000, inda aka musanya gishirin gida da wanda kashi 25 cikin 100 nasa fotasiyam ne. Shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Ba sai mun nemo man zaitun ko wasu 'ya'yan itace na kanti ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda Zabarmawa suke kira kopto, da dambu mai ganye, da rama, da alayyafo, da miyar kuka, da wake, da dankali, da gwaiba da mangwaro a lokacinsu, su ne wannan cimar a harshenmu. Zoɓo ma an gwada shi a 2010, kofi uku a yini na mako shida, ya sauke lambar sama da kimanin maki 7. Amma zoɓon gwajin ba shi da sukarin da muke ɗura wa na leda.

Akwai gargaɗi ɗaya mai nauyi. Wanda ƙodarsa ta taɓu, ko yake shan wasu magungunan hawan jini masu riƙe fotasiyam, gishirin fotasiyam yana iya tsayar masa da zuciya. A yankin da ake da APOL1 da sikila da ciwon suga, ba a ba wa mutum wannan shawara sai an auna ƙodarsa.

Darasin ɗakin jego

Babu inda gado da abinci da al'ada suka sarƙe kamar a gazawar zuciya ta bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa ce aka fi sani da ita a duniya. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry sun bi mata 224 a Zariya, suka wallafa a 1978. An ƙiyasta cewa mace 1 cikin kimanin 100 da suka haihu a yankin takan kamu. Sun alaƙanta abin da al'adun jego: wankan ruwa mai tafasa safe da yamma, ana tsoma ganye ana fyaɗa wa jiki, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa har kwana arba'in don fitar da sanyi da kawo nono. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata ya ƙara wa zuciya aiki, sodiyam yana tara ruwa a jiki, ga zuciyar da ta yi wata tara tana ɗaukar nauyin mutum biyu. Sai ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, mai jego ta kasa kwanciya a miƙe. A Sakkwato an sake samun adadi makamancin wannan a 2007.

Labarin bai tsaya a kan kanwa ba. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da suka kamu suna da ƙarancin seleniyam a jini. Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya sami haka a mafi yawan marasa lafiyarsa. Rijistar PEACE da ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wadda aka wallafa a 2020, ba ta sami alaƙa tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ta gano shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jinin ciki. A 2016 kuma James Ware da abokan aikinsa sun nuna cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu wannan ciwo suna ɗauke da nakasa a ƙwayoyin gadon tsokar zuciya, mafi yawa a ƙwayar TTN.

Yadda na fahimci waɗannan sakamako shi ne ba sa karo da juna. Inda kusan kowace mai jego take shan kunun kanwa, kwatanta masu ciwo da marasa ciwo ba zai fito da tasirinsa ba, domin kowa ya sha. Mata ɗari suka sha, ɗaya ta faɗi, kuma wadda ta faɗin ita ce wadda ta shigo da raunin gado, ko yunwa, ko hawan jini. Saboda haka ba na kira da a yaƙi jego. Al'ada ce da take ba mace hutu da kulawa da nama a lokacin da ta fi buƙata, kuma iyayen da suke tsaye a kanta ƙauna ce take sa su. Abin da nake nema ƙarami ne: idan uwar mai jego ko yayarta ko gwaggonta ta taɓa kumbura bayan haihuwa, ko ita kanta jininta ya hau a cikin, to a yi mata kunun tsamiya ko na gyaɗa a bar kanwa, a sassauta zafin ruwa, a yawaita mata kifi da ƙwai da wake. Kifi na cikin abincin da ya fi seleniyam, Gaya kuma gari ne na masunta. Wannan magana ungozoma ce za ta isar da ita, da bakin da ya dace: "Inna, 'yar taki jininta ba ya son kanwa, a taimaka a yi mata na tsamiya."

Mai, nama da hatsi

A nan zan taƙaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kitse mai daskarewa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Kimanin rabin manja irin wannan kitse ne, man shanu ya fi haka, man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Ga gidan da kolestarol ke bi, man gyaɗa shi ne na yau da kullum, manja da man shanu na marmari. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi a bar shi. Tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa, dafaffe ko gasasshe ko banda marar gishiri, sun fi kitse da kayan ciki da ɓalangu. Gero da dawa da ba a surfe su ƙal ba sun fi farar shinkafar buhu zare da ma'adinai, fura da nono kuma abinci ne mai kyau har sai an cika mata sukari; haka shayin da ake zagayawa da shi sau uku.

Kuɗi ne suke zaɓar abinci kafin ilimi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, kaya suka koma ƙetare kogi a jiragen ruwa, farashi ya tashi. Idan aljihu ya yi zafi, kifi da nama ne suke fara barin tukunya, dunƙule ya cike gurbinsu, domin shi ne mafi arhar abin da zai sa miya ta yi ɗanɗano. Shawarar da ba ta yi la'akari da wannan ba a bakin ƙofar asibiti za ta tsaya.

Wa za a yi wa magana

Yadda aka saba shi ne a faɗa wa marar lafiya shi kaɗai, ya koma gida a riƙa ware masa miya a ɗan kwano. Wannan tsari yana da illa biyu. Ba ya ɗorewa, domin babu dattijon da zai jure cin lami alhali ƙamshin miyar gida yana dukan hancinsa, kuma matar da take girka wa mutum goma sha biyar ba ta da itacen tukunya biyu. Sannan yana barin waɗanda suka fi amfana a waje: 'ya'ya da ƙannen da suka gaji jinin, waɗanda jijiyoyinsu ba su riga sun yi tauri ba. Gidan da ya yi tarayya a jini ya yi tarayya a tukunya, don haka tukunyar ce za a gyara. Mai girki, mai cefane da uwar miji su zauna a shawarar. Idan gidan mata biyu ne ko uku, kowace ta ji da kunnenta, don kada miyar ɗaya ta zama abin gori ranar girkinta.

A aikace ina ba da shawarar a ƙara tambayoyin dangi a katin awon ciki da na masu hawan jini a cibiyoyin lafiya na gundumar Gaya, kuma duk inda aka sami mutum ɗaya da ɓarin jikinsa ya shanye a auna jinin duk baligan gidan. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a lokuta daban-daban ya fara magani. Gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya riga ya nuna cewa haɗin da ke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata.

Ga masu bincike a Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Dosso da takwarorinsu na Sakkwato da Paraku, akwai aikin da ba ya buƙatar manyan na'urori. A auna sodiyam a fitsarin awa 24 na magidanta a Gaya, Kamba da Malanbil, a ga bambancin da kasuwa take yi a tsakanin mutanen da danginsu ɗaya ne. A ɗora gishiri da dunƙule da kanwar da ke shiga tukunya a kan sikeli na tsawon mako guda, damina da rani da azumi. A kai gishirin Foga da ire-iren kanwar kasuwa ɗakin gwaji a fitar da abin da ke cikinsu. A kuma gwada ruwan tokar karan gero, wanda iyayenmu suke tacewa su sa a miya tun kafin dunƙule ya zo. Tokar tsiro fotasiyam ne ya fi yawa a cikinta, kuma tana yin aikin kanwa wajen nunar da wake da kawo yauƙi. Idan awo ya tabbatar da yawan abin da ke cikinta, aka kuma ware masu ciwon ƙoda, za a iya gwada ta a gidaje a madadin kanwa, a bi jininsu wata shida a gani.